Batirin Baffa

Duk wanda ya taso daga Kaduna zai shiga Abuja ta Zuba, idan ya bar Dutsen Zuma a bayansa ya hau babban titin da ya nufi Kubwa, ba zai yi nisa ba sai ya fara hango tulin katako da rodi da kwanon rufi a gefen hanya. Nan ce Dei-Dei. Akasarin mutane ba su san ta da komai ba sai kasuwa, wato ta kayan gini da ta katako da ta tumatir, sai kuma karar shanu da tumaki wadda kan cika ta batse gab da babbar salla. A cikin kasuwar katakon nan ne Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ya kafa rumfa, bayan da ya baro gida 'yan shekaru kaɗan da dawowar gwamnatin tarayya Abuja daga Legas a watan Disamba na 1991. Shi ya biya mana kuɗin rijistar shekararmu ta farko a jami'a, kuma shi ya fara kiran mu Dokta tun ba mu ko rubuta babi na ɗaya na kundin digirinmu na uku ba.

Wannan suna na Dokta shi ya ja mana abin da za mu ba da labari. A danginmu ba a cika bambanta doktan adabi da na asibiti ba, saboda haka duk wata takardar likita da ta shigo gida mu ake miƙa wa, mu kuma don gudun jin kunya sai mu gyara tabarau mu karanta, ko mun fahimta ko ba mu fahimta ba.

A daminar 2015 Baffa ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfarsa yana cikin ƙirga falanki. Kafin a kawo ruwa ya farfaɗo, ya karkaɗe riga, ya ce yunwa ce. Bayan mako biyu ya sake faɗuwa a wajen alwala. A gida aka yi ta kawo shawarwari, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce farfaɗiya ce ta tsufa, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. A faɗuwa ta uku ne maƙwabcinsa na kasuwa, wani ɗan ƙabilar Ibo da suka yi shekaru suna aron ma'auni a tsakaninsu, bai yi shawara da kowa ba ya saka shi a mota ya kai shi asibiti cikin gari. Da aka auna, sai aka tarar zuciyarsa tana bugawa sau 34 ne kacal a minti ɗaya, alhali kuwa ta baligi mai lafiya, idan yana zaune, takan buga tsakanin sau 60 zuwa 100.

Likitan ya zana mana abin a bayan takarda. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma tana da wutar lantarkinta ta halitta. A ɗakin sama na dama ake kunna ɗan tartsatsin da ke ba da umurnin bugu, sa'an nan ya bi ta wata 'yar mashiga ya sauka ɗakunan ƙasa, waɗanda su ne ke tura jini zuwa huhu da sauran jiki. A wajen Baffa mashigar nan ce ta toshe, saƙo ba ya isa, sai ɗakunan ƙasa suka koma bugu a kan ra'ayin kansu, sannu-sannu, wani lokaci ma su ɗan dakata. Dakatawar nan ce suma. Mu da muka yi shekaru muna koyar da waƙar baka, abin da ya faɗo mana shi ne kuntuku, ƙaramar gangar nan da ke riƙe wa kalangu kari. Mai sauraro ba ya kula da ita, amma da za ta yi shiru na ɗan ƙiftawa, da makaɗi da 'yan amshi duk sai sun ruɗe. Abin da likita ya ce za a dasa wa Baffa shi ne na'urar daidaita bugun zuciya, wadda a bakin mutane ake kira batirin zuciya. 'Yar aba ce da ba ta kai akwatin ashana kauri ba, ana cusa ta ƙarƙashin fata a saman ƙirji kusa da kafaɗar hagu, a zura siraran wayoyi biyu ta cikin jijiya har cikin zuciya. Aikinta shi ne sauraro. Idan zuciya ta buga da kanta sai ta ƙyale ta, idan kuwa ta yi jinkiri sai ta tsikare ta da 'yar wutar da mutum ba ya ko jin ta.

Aka sayar da filin Baffa na gida, 'yan kasuwa suka yi karo-karo, aka yi aiki. Washegari muka tarar da shi zaune yana faɗa da ma'aikaciyar jinya a kan shayin da ba sukari. Ranar sallama likita ya kira mu gefe ya damƙa mana wani ɗan kati mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera na'urar da lambarta da ranar da aka dasa ta. Ya ce, "Malam, kai ne mai ilimin gidan, don haka kai nake gaya wa. Aikin da muka yi rabi ne. Ragowar rabin shi ne ku riƙa dawo da shi ana dubawa, har iyakar rayuwarsa." Muka ce, "In sha Allahu, likita." Muka koma Dei-Dei aka yanka rago, aka yi walima, mutane suna ta shigowa suna cewa barka da arziki, Allah Ya kiyaye gaba.

Don gudun kada mu zalunci kanmu, shekaru biyu na farko mun cika alkawari. Mukan baro makaranta mu kwana a Dei-Dei, da sassafe mu kama hanyar asibiti. A nan muka ga yadda dubawar take. Ba yanka, ba allura. Akwai wata kwamfuta mai kama da jakar hannu, da wani ɗan faifai mai igiya da ake ɗorawa a kan rigar mara lafiya daidai inda na'urar take, sai su biyun su yi magana ta iska. A kan allo za a ga ƙarfin da ya rage wa batir, da lafiyar wayoyin, ko ɗaya ta fara karyewa ko ta zame daga inda aka kafa ta, da kuma kashi nawa cikin ɗari na bugun zuciyar mutum na'ura ce ke yi masa. Na Baffa a ɗakin ƙasa kusan duka ne. Sa'an nan akan yi wani gwaji da ya fi ba mu tsoro, inda ake rage ƙarfin tsikarin kaɗan-kaɗan har sai zuciya ta ƙi amsawa, nan take a mayar. Da haka ake gane mafi ƙarancin wutar da zuciyar ke bukata. A watannin farko, kafin bakin waya ya zauna daram a cikin tsoka, akan bar wutar da ƙarfi, daga baya sai a sassauta ta a bar rarar da za ta isa kariya, domin batir ya daɗe. Wanda bai koma ba, na'urarsa za ta yi ta ɓarnar wuta ba gaira ba dalili.

A zuwa na biyu Baffa ya kai ƙara. Ya ce duk sa'ad da ya hau babur a kan hanyar cikin kasuwa mai gargada sai ya ji ƙirjinsa yana dukan uku-uku kamar wanda ya yi gudu. Likita ya yi murmushi ya ce akwai wani ɗan ma'ji a cikin na'urar wanda ke lura da motsin jiki, idan ya ji jijjiga sai ya ɗauka mutum aiki yake yi, ya ƙara sauri don jini ya wadata. Na'urar ba ta san ramukan Dei-Dei ba. Ya danna maɓalli biyu ko uku ya rage mata zumuɗi, magana ta ƙare. Muna fitowa Baffa ya ce mana, "Dokta, ka ga yaron nan ya murɗa mini zuciya kamar mai neman tashar rediyo." Ya faɗa ne cikin raha, amma mun lura abin bai yi masa daɗi ba. Mutum ne da bai taɓa bari wani ya riƙe masa makullin rumfa ba.

Akwai kuma dokokin da aka gindaya masa. Kada ya sa wayar salula a aljihun ƙirji, a bar tazarar santimita 15 tsakaninta da na'urar, ya kuma riƙa kara ta a kunnen dama. To, telolinmu kuwa a hagu suke ɗinka aljihun kaftani, daidai bisa wurin, sai da Hajiya ta bi rigunansa ɗaya bayan ɗaya ta ɗinke bakin aljihunan. Kada ya sunkuya a kan janareto yana aiki. Kada ya kusanci masu walda. Idan masu tsaro za su shafa masa sandar bincike a ƙofar masallaci ko banki, wanda a shekarun nan na bayan tashin bam na Nyanya a 2014 abu ne na kullum a Abuja, to ya nuna musu katinsa, domin akwai maganaɗisu a sandar, shi kuwa maganaɗisu yana sauya wa na'urar salon aiki muddin yana kusa.

Daga shekara ta uku ne igiya ta fara sakwarkwacewa. Mu aiki ya yi mana yawa, ga duba kundayen ɗalibai ga neman ƙarin girma. Shi kuma Baffa lafiya ta samu, ya yi ƙiba, har ya je Umra ya dawo. Duk sa'ad da muka tuna masa a waya sai ya ce, "Mai lafiya me zai je yi asibiti? In rufe rumfa yini guda, in biya kuɗin mota da na kati, don a ce mini lafiyata lau? Ai na sani." Mu kuma, maimakon mu matsa, sai mu ji sanyi a ranmu cewa an sauke mana tafiya. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Abuja saboda annobar korona, wannan ya ba mu uzurin da muka ci gaba da jingina da shi har bayan an buɗe gari da daɗewa. Sa'an nan a watan Mayu na 2022 rikici ya ɓarke tsakanin 'yan acaɓa da 'yan kasuwa a Dei-Dei, aka rasa rayuka, wuta ta cinye wani sashe na kasuwar katako, hukumar birnin tarayya ta rufe kasuwar na ɗan lokaci. Rumfar Baffa tana cikin waɗanda suka ƙone. Da muka je jaje an yi ta lissafin katako da littafin bashi. Ba wanda ya tuna cewa katin nan yana cikin littafin bashin, mu ma da aka damƙa wa shi tun farko ba mu tambaya ba.

Mun sha tambayar kanmu yadda aka yi mutumin da sana'arsa ita ce karatu ya yi irin wannan sakaci, kuma amsar da muka samu ba ta wanke mu ba, sai dai ta nuna mana ba mu kaɗai ba ne. A tunaninmu na Hausawa ciwo baƙo ne, yakan zo ya tafi. Kalmominmu ma haka suka ginu, mukan ce ya kwanta, ya tashi, an sallame shi, ya warke sumul. Hatta tatsuniyar da muke koyarwa, idan aka samo wa ɗiyar sarki magani daga bayan duwatsu bakwai, tana sha take miƙewa, a ɗaura aure, a ce ƙurunƙus. Ba mu taɓa jin tatsuniyar da aka ce a dawo da gimbiya bayan wata shida a sake auna ta ba. To, maganin da ake dasawa a jiki ba shi da ƙurunƙus. Bai kori ciwon ba, mashigar nan tana nan a toshe kamar ranar farko, abin da aka yi kawai shi ne an ɗauko wa zuciya ɗan aiki, shi kuwa ɗan aiki yana gajiya, yana kuskure, guzurinsa kuma yana ƙarewa. Mun yi walimar warkewa a ranar da a haƙiƙa aka ƙulla mana wata doguwar hulɗa da asibiti.

Tarihin na'urar kansa ya isa ya koya mana haka da mun bincika. A ranar 8 ga Oktoba, 1958, a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin, likitan fiɗa Åke Senning ya dasa wa wani mutum mai suna Arne Larsson na'urar farko da aka taɓa binnewa dungum a jikin ɗan Adam, wadda injiniya Rune Elmqvist ya ƙera. Sa'o'i kaɗan ta yi ta tsaya, aka sa ta biyu, ita ma ba ta daɗe ba. Larsson ya rayu har 2001, ya rasu yana da shekara 86, bayan da likitan da injiniyan duk sun riga shi, kuma a tsawon wannan lokaci an sauya masa na'ura fiye da ashirin. Abin da ya raya shi shekara arba'in da uku shi ne komawar da ya yi ta yi. Daga shekarun 1970 aka koma amfani da batirin litiyam, wanda ya sa na'urorin yanzu kan kai shekara bakwai zuwa goma sha biyu, gwargwadon yawan aikin da suke yi. Wannan ci gaba ne babba, amma yana da tarko, domin shekara goma ta isa mutum ya manta akwai wani abu a ƙirjinsa.

A hutun ƙarshen zango na 2024 muka je Dei-Dei muka tarar Baffa ya sauya. Ba ya suma, amma daga rumfa zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta, yana cewa yana jin jijiyoyin wuyansa suna harbawa. Hajiya ta ce tsufa ne. Muka kama hannunsa muna duban agogo, muka ƙirga 65. Bayan ya taka ya dawo yana haki muka sake ƙirgawa, 65. Da asuba ma 65. Ko doktan adabi ya san zuciyar da ba ta bambanta hutu da wahala ba akwai magana.

A asibiti tambayar farko da aka yi mana ita ce, "Ta wane kamfani ce?" Muka yi tsuru-tsuru. A ranar muka san cewa kowane kamfani, Medtronic ne ko Abbott ko Boston Scientific ko Biotronik, da irin kwamfutarsa, kuma ta wannan ba ta iya gyara na'urar wancan. Likitan da ya yi aikin ya bar ƙasar, fayil ɗin 2015 kuwa aka yi ta nema ba a gani ba. Sai da aka ɗauki hoton ƙirji, domin masu ƙerawa sukan sa wata 'yar alama a jikin na'urar wadda ke fitowa a hoto, da ita aka gane kamfanin. Sa'an nan aka ce kwamfutar wannan kamfani ba ta nan, tana hannun wakilinsu, sai mako mai zuwa. Kwana shida muka yi muna kwana a ɗaki ɗaya da Baffa, muna farkawa cikin dare muna sauraren numfashinsa.

Wadda ta zo da kwamfutar wata matashiya ce da ba ta wuce sa'ar ɗalibanmu na digiri na biyu ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗora faifan, ta yi shiru tana karatu. Can ta ce, "Baba, akwai masu walda kusa da inda kuke zama?" Baffa ya dube mu, ya dube ta, ya ce, "'Yar nan, duba kike yi?" Gaskiya ne, tun bayan gobara da ya sake gina rumfa, wasu samari masu ƙera ƙofofin ƙarfe suka kafa injinsu a jikin bangonsa, yakan ma zauna a bencinsu a yi hira. Na'urar ta rubuta duk lokutan da hayaniyar wutar walda ta shige ta, da rana da sa'a. Haɗarin shi ne tana iya ɗaukar hayaniyar nan a matsayin bugun zuciya ta ƙi tsikarawa, ga mutumin da kusan duk bugunsa a hannunta yake. Ta kuma rubuta wasu lokuta da ɗakunan sama suka yi ta karkarwa ba tsari na sa'o'i, irin karkarwar da kan sa jini ya daskare ya haura ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, wadda da an gani da wuri da tuni an ɗora shi a kan maganin tsinka jini. Duk wannan yana rubuce shekara da shekaru a ƙarƙashin fatarsa, ba mai karantawa.

Sa'an nan ta juyo da allon wajenmu ta nuna wani layi. Irin na'urar Baffa, idan batirinta ya kusa ƙarewa, takan yi tsimi da kanta, ta daina kula da ɗakin sama, ta daina bin motsin jiki, ta tsaya a kan bugu 65. Wannan shi ne gajiyar da yake ji, domin sama da ƙasa sun daina tafiya tare. Daga ranar da ta shiga wannan hali, abin da masu ƙerawa suka lamunce shi ne kimanin wata uku. Kwanan watan da ke kan allo ya nuna an riga an ci mako bakwai.

A ƙasashen da suka wadata, da wuya a kai ga haka. Akan ba mara lafiya wata 'yar na'ura ya ajiye kusa da gado, ko a sa masa manhaja a waya, cikin dare ta karanci ta ƙirjinsa ta aika wa asibiti, idan batir ya yi ƙasa ko waya ta sami matsala likita ne zai kira shi. Har gyaran manhajar cikin na'urar ana yi ba tare da yanka ba, kamar yadda ya faru a Amurka a 2017, lokacin da hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta nemi mutane kusan 465,000 su je a sabunta musu tasu don toshe wata kafa da masu kutse za su iya bi. Mu a nan ko dasawar ba ta wadata ba. Wani bincike da ƙungiyar likitocin zuciya ta Afirka ta wallafa a 2018 ya nuna cewa a ƙasashen da aka duba, matsakaicin adadin dashen bai kai mutum uku a cikin miliyan ɗaya ba a shekara, wasu ƙasashen ma babu mai yin aikin sam, alhali a Turai ana lissafi ne da ɗaruruwa a cikin kowane miliyan. Baffa yana cikin 'yan tsirarun da suka dace, mu kuma muka kusa zubar da dacewar saboda kuɗin mota da yini guda.

Batun kuɗi ya zo da nauyinsa. Ba a buɗe na'ura a sauya batir kamar tocila, a rufe take ruf, sai dai a cire ta dungum a sa sabuwa, a bar wayoyin idan suna da lafiya. Daga waje ake shigo da ita, da dala. A 2015 dala tana wajen naira 200 a farashin hukuma, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Babu sauran fili da za a sayar. A cikin neman mafita ne wani likita ya ba mu labarin shirin da Jami'ar Mishigan ta Amurka ke gudanarwa mai suna My Heart Your Heart, inda ake karɓo na'urorin da aka cire daga jikin mamata, musamman da yake dole a cire su kafin ƙona gawa don batirin yana fashewa a wuta, a tantance masu sauran ƙarfi, a tsabtace su, a ba marasa hali. Gwajin da suka yi a ƙasashe bakwai, ciki har da Nijeriya, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2024, ya nuna cewa a watanni ukun farko ba su fi sababbi jawo ƙwayar cuta ba. Muka kai wa Baffa maganar muna ɗari-ɗari, muna zaton zai ce ba ya son kayan matattu. Sai ya ce shi da ya yi shekara talatin yana hawan mota 'yar Kwatano, ba zai raina gwanjo ba, in dai malamai ba su hana ba. Ba mu kai ga samun hanyar shirin a cikin kwanakin da suka rage ba. Ƙarshenta motarmu muka sayar, 'ya'yansa suka kawo abin da ya sawwaƙa, maƙwabcin nan nasa na kasuwa ya cika sauran, ya ce bashi ne ba ranar biya.

Aikin bai kai sa'a ɗaya ba, idonsa biyu, wurin kawai aka kashe. Da aka fito da shi ya tambaya ko za a ba shi tsohuwar ya kai wa 'yan gwangwan su auna, aka ce a'a. Sabon katin mun yi masa kwafi biyar, mun ɗauki hotonsa a wayoyin mutum huɗu, ainihin kuma Hajiya ta adana shi a cikin kwallarta. Samarin walda da kansu suka matsar da injinsu zuwa ɗaya gefen da suka ji dalili, shi kuma aka hana shi bencinsu, abin da har yau yake ƙorafi a kai. Yana shan maganin tsinka jini safe da yamma, wanda shi ma yana da nasa awon da nasa komawar.

Ranar dubawa ta gaba tana rubuce a kalandar ofishinmu, tsakanin taron sashe da ranar miƙa sakamakon jarrabawa. Shekaranjiya muka kira shi don mu tuna masa. Ya ce ranar ta faɗo daidai da zuwan tirelar katakonsa daga kudu, ko za a ɗaga zuwa wani makon.

Muka ce, "Baffa, mun riga mun sayi tikitin jirgin ƙasa daga Rigasa. A Kubwa za mu sauka."

Ya yi shiru, muna jin ƙarar injin yankan katako a bayansa. Can ya ce, "To, Dokta. Ka taho mini da kilishi, amma kada Hajiya ta gani."